Garkar da Kaka Ya Ba Ni Yana Dariya

"Wasa yake yi maka, Mas'udu."

"Ba wasa ba ne, Baba."

"To mi ne ne? Tun kana rarrafe shina kiranka ɓarawo. Sata ka yi? Ya ce zai musanya ka da jaki a kasuwar Badaguishiri. Ya musanya?"

Baba Maikano, ƙanen babana, ya tattare gefen rigarsa kada laka ta taɓa ta. Farar shadda ce, sabuwa, da aikin zare ruwan toka a wuya. Muna tsaye a bakin rijiyar garka, wato lambun albasa, washegarin sadakar arba'in ɗin Kaka.

"Kai da ka yi lakwal, ka yi boko, ya kamata ka fi kowa ganewa," ya ce. "Ubanka ya riga tsoho tahiya. Jika ba ya gado in da ɗa a raye. Ba ni na aza wagga doka ba."

"Ban ce gado ba. Wasiyya na ce."

"Wasiyya." Ya juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. "Wasiyya da dariya? Ran Asabar ana zama gidan maigari. Ka zo da mai shaidarka. Mutumin Galmi mai son sayen garkar na jira, ba zan bar shi ya sayi ta wani ba."

Ya tsallake magudanar ruwa ya tafi. Bai waiwayo ba.

Ku da kuke karantawa, bari in gaya muku su waye mu, don kada ku zagi wanda bai kamata ba.

Shekarar 2007 ce. Ina da shekara ashirin da ɗoriya. Na gama kolej ban ci jarrabawa ba, na koma kabu-kabu a Birnin Konni, daga tasha zuwa bakin iyaka, daga bakin iyaka zuwa tasha. Babur ɗin da nake hawa, moto a bakinmu, na Baba Maikano ne. Littattafan da na faɗi jarrabawa da su, shi ya saya. Ba mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne, kuma garka a idonsa fili ne mai rijiya.

Babana, Sha'ibu, shi ne ɗan farin Kaka Takama. Direban motar albasa. Ya rasu a hanya ina ƙarami, abin da na riƙe daga gare shi warin gas a hannun riga, shi ke nan. Innata ta yi aure a Malbaza. Ni kuma aka bar ni a ƙauyenmu, a gefen kwarin Badaguishiri, hannun Kaka da matarsa Iya Tsahara.

A garkar nan na girma. Ba ta da girma. Rijiya, fangalin albasa, ɗan layin tumatur a gefe, rudu biyu na kara da ciyawa inda ake adana albasa har ta yi daraja. Sai bishiyar lemun tsami guda. Kowace safiya Kaka yakan fara ba ta ruwa kafin albasa. Sai da na yi wayo maƙwabta suka gaya mini babana ya dasa ta. Kaka bai taɓa faɗa ba.

Kun san yadda dattawanmu suke da ɗan fari. Ba a kiran sunansa. Ba a yaba shi, ba a nuna an damu. Kaka ya fi kowa tsanani a nan. Da babana yana raye "wancan" yake ce masa. Da ya rasu ya koma "mai tahiya". An ce ranar da aka kawo gawa, an dawo daga maƙabarta, ya ɗauki guga ya nufi garka. Mutane suna zaman makoki, shi yana ban ruwa. Ko wani baƙo mai suna irin na babana ya zo, sai Kaka ya ce masa "mai sunan".

Duk abin da ya hana ɗansa, ni ya zuba wa. Amma da wasa, don haka ake yi tsakanin kaka da jika.

"Kai ɓarawo, sauka daga cinyar matata."

"Ta gaji da kai, tsoho. Ba ka da haƙora."

"Raggo. Ko jakin da zan samu ya fi ka amfani."

"Yaushe za ka mutu in gaje ta?"

Iya Tsahara ta yi ta dariya har tuwo ya kusa kamawa. Haka muke. Mutuwa ma abin wasa ce a bakinmu, gado ma haka. Ban taɓa jin ya ce Mas'udu ba. Bai taɓa jin na ce masa ranka ya daɗe ba. Lokacin ban san wannan zai zama abin da za a kayar da ni da shi ba.

Bayan darnin karanmu akwai garkar Malam Mumuni. Mutum ne mara yawan magana, mai gemu kaɗan, wanda ko farashin albasarsa ba ya ƙarawa don ya rage. Ɗiyarsa Wasila ita ke kawo masa fura da hantsi. Tana ɗora ƙwaryar a ka, faifai a rufe, ba ta riƙewa. Tun muna yara nake kallon ƙwaryar nan tana wucewa saman darni kamar ita kaɗai take tafiya. Wata shekara na dawo hutu daga kolej, na ga ba ƙwaryar nake kallo ba.

Kaka ya riga ni ganewa.

"Amaryata," ya ɗaga murya, "wanga raggon ya dame ki da ido? Bar shi. Ni ne mai garka."

Wasila ta ja mayafi ta rufe baki. "To angona, ina tukuicin furata?"

Ya tsinko mata lemun tsami. Daga bishiyar nan da ko ni ba na taɓawa.

Da na koma Konni sai salula ta haɗa mu. Tawa ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba. Wasila ba ta da tata. Ta matar yayanta take ara, kuma a ƙauyenmu babu rezo, wato sabis na waya, sai an hau tudun da ke bayan makarantar allo. Takan ce za ta ɗebo itace. Ta hau, ta yi mini bip, wayar ta yi kuka sau guda ta katse. Ma'anarsa tana nan. In na samu kuɗin kati in tura saƙo.

"Slm. Konni zahi. Ina tunanin hura."

"Hura kawai?"

"Da ƙwaryar."

"Angona ya hi ka iya magana."

Har yau ban ga abin da ya kai wannan kukan guda daɗi ba. Ina tsakiyar hanya, fasinja a baya da buhun shinkafa, aljihu ya motsa. Sai in ji kamar an zuba mini ruwan rijiyarmu a ka.

Kowa ya san da maganarmu, amma ba a kai goro ba. Kaka ya ce a bari a sayar da albasar bana, shi da kansa zai shiga gidan Malam Mumuni, "in nema wa kaina, in an hana ni in bar wa ɓarawo". Bai kai ba.

Ga ranar da duk rigimar take a kai. Lokacin cirar albasa ne, na zo taya shi. Ina can bakin rijiya da injin ban ruwa, tsoho ne, ƙararsa ta cika garkar. Na hango Kaka zaune a gindin lemun tsami, malafarsa a gwiwa, Malam Mumuni a tsugune gabansa. Sun daɗe. Bakin Kaka yana motsi, ban ji komai ba. Can ya yafito ni. Na kashe injin, na wanke hannu, na iso.

Ƙarshen maganar kawai na tarar.

"To ka ji, Mumuni, ka shaida. In na tahi, garkar ga ta ɓarawon nan ce." Ya ɗauki albasa ya jefe ni a ƙirji. "Amma amaryata ban bar maka ba."

Ya kece da dariya. Ni ma na yi. Na ce masa ya yi sauri, na gaji da jira. Ban kalli fuskar Malam Mumuni ba.

Kafin ruwan farko ya sauka zazzaɓi ya kwantar da shi. An kai shi gidan likita a Illela, aka dawo da shi a kwance.

Wannan ita ce wasiyyar tawa. Babu takarda. Albasa a ƙirji, da dariya. In gaya muku gaskiya, bayan Baba Maikano ya tafi ya bar ni a bakin rijiya, ni kaina na fara tambaya. Mutumin da bai taɓa yi mini magana ɗaya ba wasa ba, ta yaya zan rantse wannan ce ta fita daban?

Na shiga gida wajen Iya Tsahara. Tana takaba, zaune a tabarma, zane baƙi-baƙi, babu awarwaro, babu kwalli. Ɗakin yana nan yadda na san shi. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwanonin tasa a bango da suka dushe, rediyon Kaka a rataye da igiyar fata. Warin tabarsa bai fita ba.

"Mijina, ka rame," ta ce. "Matan Konni ba su iya tuwo ba?"

"Iya, ya taɓa gaya miki zancen garka?"

Ta daɗe tana gyara bakin tabarma.

"Maikano ɗana ne. Kai kuma ɗan wancan ne." Ko yanzu ba ta kira sunan ba. "In na buɗe baki, wa zan kayar? Abin da ya gaya mini a ɗaka, ba a kai shi zaure."

Ta miƙa hannu bayan gado ta jawo malafar Kaka. Gefenta ya cinye, zufa ta yi mata baƙin zobe.

"Wagga dai ba a raba ta. Riƙe."

Ran kasuwar Badaguishiri Wasila ta yi mini bip, sannan saƙo ya biyo. Ba ta saba fara turowa ba.

"Ina wajen mai cajin waya. Ka zo. Akwai magana."

Na same ta a gefen rumfar, inda wayoyin ƙauyuka suke jere a kan tebur, janareto yana ta huci. Atamfa shuɗiya ce a jikinta mai zanen ganye, mayafi ruwan madara, lallen da ya fara gogewa a yatsu. Ba ta yi murmushi ba.

"Baba Maikano ya zo gidanmu."

"Ya ce mi?"

"Ya ce wa Baba shaidar suruki ba shaida ba ce. Wai ɗiyarsa yake yi wa noma. Zai faɗa gaban liman."

"Baba ya ce mi?"

"Ka san shi. Ya ce Allah ya kai mu Asabar."

Wani mai amalanke ya raba mu, muka sake matsowa.

"Mas'udu, ba a kai goro ba. In an tambaye ka, ka ce babu komi tsakaninmu. In an gama ka dawo."

"Gaban babanki?"

Ta fi ni saninsa. Malam Mumuni ba ya ajiye magana a aljihu ya fito da wata. In na ce babu a gabansa, a gaban liman, to babu, har abada. Ba zai yarda a ce ya haɗa baki da yaro an yaudari zaure ba.

"To ka ce akwai," ta ce a hankali. "Sai garka ta tahi. Inna kuma ta rantse ba ta ba da ni ga mai kwana tasha a kan moton wani."

"Ke mi kike so in ce?"

"Ni ina so angona ya tashi ya yi bayani da kansa." Ta so ta yi dariya, bai yiwu ba. Ta karɓi wayar matar yayanta daga tebur ta ƙulle a gefen mayafi. "Ran Asabar zan hau tudu. Ba don in gaya maka komi ba. Don dai ka san ina nan."

Asabar da hantsi aka zauna a zauren maigari. Takalma a bakin ƙofa, tabarmi a ƙasa. Maigari a kan buzu, liman a gefensa da carbi. Baba Maikano da mazan gwaggonnina a dama. Malam Mumuni can kusa da ƙofa, da rigar garka, laka a bushe a ƙafarsa. Ni na sa riga mai tsabta, na ɗora malafar Kaka a gwiwa. Ban san dalili ba.

Liman ya bi abin a tsare. An yi jana'iza, babu wanda ya zo da wata magana a kan mamaci. Iya Tsahara tana da tumuni. Sauran na Baba Maikano ne da 'yan'uwansa mata, namiji rabon mata biyu. Gida, gonakin hatsi, shanu, garka. Sunana bai fito ba, kuma ban yi tsammani ba.

"Sai dai wasiyya tana gaban gado," liman ya ce. "An ce akwai. Garkar ba ta kai sulusin dukiya ba, kuma yaro ba magaji ba ne, don haka in ta tabbata ta zauna. Mas'udu, faɗi abin da ka ji."

Na faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Har albasar na faɗa, har amaryar.

Baba Maikano ya gyara hula.

"Allah gafarta malam, ka ji da kunnenka. A zama ɗaya, da baki ɗaya, tsoho ya ce garka ta ɓarawo ce, ya ce ɗiyar Mumuni amaryarsa ce. In ta farko gaskiya ce, ta biyu ma gaskiya ce. To a aika gidan Mumuni, yarinya ta shiga takaba. A cire mata rabonta cikin tumuni."

Zaure ya ɗauki dariya. Har maigari ya sunkuyar da kai yana girgiza kafaɗa. Ban ga laifinsu ba. Da Kaka yana nan shi zai fi kowa dariya.

Malam Mumuni bai yi ba.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Wasan kaka da jika mun san shi, duka mun yi. Amma kaka ma yana iya yin wasiyya. A kan dukiya, shaida guda adali da rantsuwar mai nema sun isa. Mumuni kuwa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba."

"Ban ce maƙaryaci ne ba," Baba Maikano ya ce. "Na ce garkar in ta zauna hannun yaro, ɗiyar wa za ta ci albasar? A tambaya."

Liman ya juyo gare ni. Dattijo ne mai tausayi, na ga ba ya son tambayar.

"Mas'udu. An kai goro gidan Mumuni?"

"Ba a kai ba."

"To akwai maganar aure tsakaninka da ɗiyarsa, ko babu? In babu, in ji shaidarsa yanzu, ka rantse, a rufe zance. In akwai, zargi ya shiga, ba zan aza hukunci a kanta ita kaɗai ba."

Na kalli malafar. Na tuna rijiyar da sanyin safiya, da rudu cike, da lemun tsami da ba wanda zai fara ba shi ruwa in mutumin Galmi ya karɓa. Zai sare shi ma, don yana cin wurin fangali biyu. Kalma ɗaya ce, ƙarama. Ba wanda zai ce na yi ƙarya a fili, tunda ba a kai goro ba.

Aljihuna ya motsa. Kuka guda, ya katse.

"Akwai," na ce.

Wani ya ja tsaki a hankali, na tausayi. Baba Maikano bai yi murna ba, ya dai sauke numfashi. Liman ya gyaɗa kai.

"To garka ta shiga rabo, sai in magada sun ga dama sun bari da kansu. Wannan kuma ba ni da iko a kai."

Aka fara shirin fatiha. Malam Mumuni ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya. Sai ya tsaya. Ya cire shi, ya dawo ya tsuguna, ba gaban liman ba, gaban Baba Maikano.

"Malam, ba shaida zan ba da ba, an ajiye ta, na yarda. Magana ce tsakanina da ɗan maƙwabcina." Muryarsa ba ta tashi ba. "Maikano, a gidan tsohon nan ka girma. Ka taɓa jin ya kira sunan yayanka?"

Baba Maikano ya ɗaure fuska. "Kowa ya san ba ya kira."

"Ko ran da anka rufe shi?"

"Ko ran nan."

"Ni ma shekarun da munka yi darni ɗaya ban taɓa ji ba. Yaron ga ƙarshen magana ya tarar, inji na kuka bai ji farkonta ba. Ni ma ban gaya masa ba, don kada a ce na koya masa." Ya gyara tsugunonsa. "Tsoho ya dafa lemun nan ya ce mini, Mumuni, Sha'ibu ya tahi bai ci komi nawa ba. Sha'ibu ya dasa wanga icce. Ina son garkar ga ta zama ta Mas'udu ɗan Sha'ibu. Yana faɗa yana share ido da malafa. Sai da ya ga yaro ya taho ya gyara fuska ya ɗauki albasa."

Ban san na matse malafar ba sai da kara ya soke ni a tafin hannu. Mas'udu. Ashe ya san sunana.

Carbin liman ya tsaya a yatsunsa. Baba Maikano yana kallon tabarma, wurin da saƙar ta warware.

"Ka fi ni sanin ubanka, Maikano," Malam Mumuni ya ce. "In wasa yake yi, mi ya sa ya kira sunan?"